Fitilun Hawa Na Uku

Ina durƙushe a bayan kanta ina jera ƙwayayen fitila cikin kwali na ji sallama. Tun safe bayana ke ciwo, don ni kaɗai na sauke kayan da aka kawo. Sai da na dafa kanta sannan na iya miƙewa.

Ina ɗaga kai gabana ya faɗi.

Yayar Auta ce. Sau ɗaya na taɓa ganin ta, a ƙofar gidansu, ranar da ta ce mini in je in nemi daidai da ni in bar mata ƙaninta. Amma wanda ya ci maka mutunci ba ka manta fuskarsa.

Auta shi ne mutumin da na shekara biyu ina jira. Nas ne a ɗakin tiyata. Ni kuwa mijina ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya, Ummi, da wannan shago na fitilu. Na girmi Auta da shekara uku. 'Yar da nake da ita da shekarun nan uku, su ne laifina a wurin mahaifiyarsa Hajiya, wadda ko sau ɗaya ba ta yarda na je na gaishe ta ba.

A bayan Yaya akwai wata budurwa siririya mai tabarau, tana rungume da jakarta kamar za a ƙwace.

"Ke ce mai shagon?" in ji Yaya, kamar yau ta fara ganina.

"Ni ce. Sannunku da zuwa."

"Fitilu muke so na gida guda. Falo, ɗaki biyu, kicin." Ta dafa kafaɗar budurwar. "Ga amaryar nan. 'Yar kawunmu ce. Ƙanina za ta aura, wata mai kamawa in Allah Ya kai mu."

Shekaranjiya Auta ya kira ni. Abin da ya ce shi ne, "Ki ƙara haƙuri, Maman Ummi, Hajiya ta fara saukowa."

Na riƙe gefen kanta da hannu biyu.

"Allah Ya sanya alheri," na ce.

"Amin," in ji Yaya, idonta a cikin nawa.

Ta zagaya shagon tana taɓa wannan tana taɓa wancan, har ta tsaya ƙarƙashin babbar fitilar nan mai rassa goma sha biyu da gilasai masu reto.

"Wannan za a sa a falo. A cika ta da fararen ƙwai. Duk wanda ya shigo ya san gidan 'yar gata ya shigo."

Amaryar ta yi magana a karon farko, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, anya zai so? Ko a gidan Hajiya in ya shigo falo, kashe fitila yake fara yi."

"Ke rabu da shi. Namiji me ya sani a kayan ɗaki?"

Da na yi shiru na naɗe musu abin da suka nuna, da ba wanda zai zarge ni. Amma na san ciwon kan da Auta ke dawowa da shi. Awa goma sha biyu yake yi a tsaye ƙarƙashin fitilun tiyata, masu haska har jijiyar mutum. Abin da ya fara kawo shi shagona ke nan. Ya shigo yana murza goshi ya ce, "Baiwar Allah, kina da ƙwan da ba ya yi wa mutum tsawa?" Na yi dariya har na dafa kanta. Daga ranar ne.

"Ku zo ku gani," na ce.

Akwai wani lungu a ƙarshen shagon da na kewaye da baƙin labule, inda nake gwada wa masu saye haske. Muka shiga mu uku na ja labulen. Na kunna farin ƙwai na sama.

Duk muka runtse ido. Hodar fuskar Yaya ta fito fili, haka ma baƙin da ke ƙarƙashin idon amarya. Ban so in san yadda tawa fuskar take ba.

"Wannan na kicin ne," na ce, "inda ake riƙe wuƙa, da banɗaki. Wurin aiki ke nan. Amma wanda ya yini a tsaye, in ya dawo gida ya tarar da wannan, jikinsa ba zai san an tashi daga aiki ba."

Na kashe shi, na kunna fitilar tsaye mai hular yadi. Haske ruwan zuma ya bugi labule ya dawo a hankali. Na ji amarya ta sauke ajiyar zuciya.

"Ƙanana uku sun fi babba ɗaya. Ɗaya a tsaye a kusurwa, ɗaya kan tebur kusa da kujera, ɗaya a bango. Kada hasken ya faɗo wa mutum a ka, ya zo masa ta gefe. Kada kuma ido ya ga ƙwan, hula ta rufe shi. Sai a sa makunni mai juyawa, wanda ake rage haske ko a ƙara."

"Ta ɗakin kwana fa, Anti?" amaryar ta tambaya.

Anti.

"Biyu ƙanana, gefe da gefen gado, kowa da tasa. In ɗaya na karatu, ɗaya ya yi barcinsa."

"Ni dai duhu nake gani," in ji Yaya. "Kamar gidan da aka yi rashi."

"Ba duhu ba ne, Yaya," amarya ta ce. "Ni ita nake so. Anti, ta tsayen a ina zan ajiye ta?"

"A kusurwar bayan ƙofa. Nan ne kaɗai soket ke aiki, na gindin taga ya mutu."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa.

Wata biyu da suka wuce ni da Auta muka hau benen da ya kama mana haya, hawa na uku, muka auna falon da igiyar awo. Ni na gwada soket ɗin da cajar wayata. Har makulli ɗaya ya ba ni.

Amarya ta juyo ta dube ni ta saman tabarau. Yaya ta yi wani ɗan murmushi, irin na wanda tarkonsa ya kama.

Daidai nan maƙwabcina mai kemis ya leƙo.

"Maman Ummi, motar baƙinki ce ta tare hanya? Mai kaya na son wucewa."

Yaya ta ja tsaki ta fita tana laluben makulli a jaka. Muka rage mu biyu a cikin labule.

"Ke ce," amaryar ta ce. Ba tambaya ba ce.

"Ni ce."

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Hawaye ya riga ya cika mata ido.

"Wallahi Anti ban sani ba. Cewa ta yi akwai shago mai kaya masu kyau. Da na san nan za ta kawo ni, da ko ƙofar gida ban fito ba."

"Na yarda."

"An ce mini akwai wata, amma an ce maganar ta mutu tun bara."

"Ni ba a gaya mini ta mutu ba. Shekaranjiya ma haƙuri aka ce in ƙara."

Ta zauna kan wani kwali ta rufe fuska. Na tsaya ina kallon ta. Na so in tsane ta, Allah Ya sani na so, da abin ya zo mini da sauƙi. Amma ƙarfin tsanar ma babu.

"Kina son sa?" na tambaye ta.

Ta gyaɗa kai ba ta ɗago ba.

"Tun ina makaranta. In ya zo gidanmu nakan laɓe a bayan ƙofa don kawai in ji muryarsa. Ranar da aka ce ya amince, ban ci abinci ba don murna." Ta share hanci da gefen mayafi. "Amma Anti, sau huɗu ya zo wurina tun da aka sa rana. Yakan zauna ya tambaye ni aiki, in ce lafiya. In tambaye shi asibiti, ya ce lafiya. Sai ya dubi agogo. Yau a shagonki na fara sanin me ya sa yake kashe fitila. Wata guda ya rage a ɗaura, a bakin wata nake jin halin mijina."

Na gyara hular fitilar.

"Ni ma na gaji," ta ce. "Kowa na taya ni murna, ni kuma kamar wadda ta ɗauki kayan da ba nata ba."

Muka ji takun Yaya. Amarya ta mai da tabarau da sauri, ta matso kusa da kunnena.

"Daga aiki gidan benen yake wucewa. Yakan zauna shi kaɗai har magariba. Kullum."

Yaya ta yaye labule.

"To, an gama? A ba ta abin da take so, ita za ta zauna a ciki. Amma yau nake so a kai a ɗaura, ba gobe ba." Ta tsaya a bakin ƙofa ta waiwayo. "Ba sai na yi miki kwatance ba, ko?"

*

Ƙarfe huɗu na rufe shago. Na kira Inna, mahaifiyata, na ce ta riƙe Ummi zan yi yamma.

"Ina kuma za ki?"

"Kai kaya."

"Muryarki ba ta kai kaya ba ce." "Mai kemis ya sake turo yayansa jiya. Mutumin nan shekara guda yana bin ƙofata, ba shi da abin kushewa, yana son 'yarki. Ni na gaji da ba mutane haƙuri. Har yaushe za ki yi ta jiran gawon shanu?"

"Inna, za mu yi magana in na dawo."

"Kullum haka kike cewa."

Mai tasi ya sauke ni a ƙofar benen da kwali huɗu. Sau biyu na yi sawu kafin in gama hawar da su, ina hutawa a kowane hawa. Ban ƙwanƙwasa ba. Na sa makullina na buɗe.

Yana zaune a ƙasa, ya jingina da bango, bai ko cire kayan aiki ba. Falon babu komai sai kujera doguwa ɗaya da ba a cire mata leda ba. Hadari ya rufe rana tun azahar, ɗakin ya yi duhu, ƙwai ɗaya fari tsirara na reto daga silin. Ya kare idonsa da hannu.

Da ya gan ni ya yi yunƙurin tashi, ya kasa, ya koma.

"Maman Ummi."

"Kayan amarya na kawo."

Ya dubi kwalayen, ya dubi sunan shagona a jikinsu. Na ga lokacin da ya gane.

"Wa ya je?"

"Yayarka. Da ita."

"Innalillahi." Ya kifa kai a gwiwa.

Na durƙusa na fara yanke selotef. Aikin ya fi mini tsayuwa haka nan.

"Yaushe ka amince?"

"Sati shida."

"Sati shida kana kira na kullum. Kana tambaya ko Ummi ta yi aikin makaranta. Kana cewa Hajiya ta fara saukowa."

"Na yi ta neman bakin da zan gaya miki."

"Ai yayarka ta samo maka."

"Jinin Hajiya ne ya hau, Maman Ummi. Ni na ɗauke ta da hannuna na kai ta asibiti. Tana kan gado ta riƙe rigata ta ce in dai na aure ki, yanzu ko nan gaba, ba ta yafe mini ba. Likita na tsaye, abokan aikina na tsaye. Me zan ce?"

"Sai ka ce to."

"Na ce to." Muryarsa ta karye. "Na ce to don a bar ni in numfasa. Shekara biyu, in na je gida faɗa, in na zo wurinki in ga kina ƙoƙarin yin murmushi don kada in damu. Gaba kura, baya sayaki. Na ɗauka in ta warke zan warware. Kafin ta bar asibiti an kira kawu an sa rana."

Na haɗa sandar fitilar tsaye, na murɗa ta a gindinta. Hawaye na sauka a kan hannuna, ban share ba.

"Ka san abin da ya fi ci mini rai? Ba auren ba ne. Da ka zo ka ce, Maman Ummi na kasa, da na yi kukana na rufe ƙofa. Na taɓa binne miji, na san yadda ake tashi a ci gaba. Amma ka bar ni ina gaya wa Inna ta kori mutane. Ka bar Ummi tana tambaya ta wane ɗaki ne nata a gidan bene."

"Ki yafe mini."

"Ban zo jin wannan ba."

"To me zan yi? Ki gaya mini, wallahi in yi."

"Ni zan gaya maka? Ita ma yarinyar da kuka sa wa rana kuka take. Tana son ka, ka sani? Mu uku duk muna jiran ka buɗe baki, kai kuma ka zo nan ka ɓuya ƙarƙashin wannan ƙwan."

Na miƙa masa hular fitilar.

"Riƙe nan."

Ya riƙe. Haka muka yi aikin. Na ajiye ta tsaye a bayan ƙofa. Ta tebur na ɗora ta kan kwali tunda babu tebur. Ta bango ya tashi ya riƙe mini kujera na taka na ɗaura, yana miƙo mini sukurori ɗaya-ɗaya kamar yadda yake miƙa wa likita kayan aiki. Na kashe wutar gidan daga akwatinta, na sauya makunni, na mayar.

Sannan na kashe farin ƙwan, na kunna ukun.

Falon ya sauya. Bangon da ɗazu yake kamar na asibiti ya koma ruwan zuma, kusurwoyin suka yi laushi. Na juya makunnin a hankali har hasken ya sauka daidai inda ido ke hutawa. Haka na tsara shi a raina tun ranar da muka zo da igiyar awo. Ya yi kyau fiye da yadda na zata, wannan kuma ya fi komai ciwo.

Auta ya koma ya zauna a ƙasa, ya jingina kai da kujera.

"Haka kika ce zai yi," ya ce.

"Haka na ce."

Na shiga ɗaki na jera ƙananan biyu inda gado zai zauna. Na tattara ledoji da kwalaye. Ina yi ina magana, bayana a juye, don in na dube shi ba zan iya ba.

"Zan gaya wa Inna ta ba mai kemis amsa. Ban san wace amsa ba tukuna. Amma ba zan ƙara cewa ta jira ba. Kada ka sake kira na. In Ummi ta tambaya, ni na san abin da zan ce mata. Kana ji na?"

Shiru.

Na juyo. Barci ya ɗauke shi, bakinsa a ɗan buɗe, hannu ɗaya a kan ƙirji. Layukan nan biyu da ke tsakanin girarsa sun kwanta. Na gama faɗin maganar da ta fi kowace nauyi a rayuwata, mutumin bai ji ko rabinta ba.

Dariya ta zo mini tare da kuka. Na toshe baki da mayafi.

Na cire makullin daga cikin nawa, na ajiye a kan kwali kusa da fitila. Na ɗauki jakata na buɗe ƙofa a hankali.

Sai na ji ƙarar sanda a kan matakala. Ƙwas. Shiru. Ƙwas. Da numfashi mai nauyi, da wata murya tana cewa, "A hankali, Hajiya, saura huɗu."

Amaryar ce ta fara bayyana, idonta jajur. Tana riƙe da hannun wata tsohuwa gajera, mai jiki, wadda gumi ya jiƙe wa goshi. Ba sai an gaya mini ba. Girar Auta ce a fuskarta.

Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Ina wuni, Hajiya."

Ta wuce ni ta shiga, ta tsaya tana haki, tana bin falon da kallo. Idonta ya sauka kan ɗanta. Amarya ta yi kamar za ta tashe shi, Hajiya ta tare ta da sanda.

"Bar shi."

Ta daɗe tana kallon sa.

"Sati shida a gidana yake kwana," ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba. "Ina jin sa yana zagaya tsakar gida. Na ɗauka aiki ne."

Ta zauna kan kujerar, ledar ta yi ƙara. Ta ajiye sandar a kan cinya.

"Wannan yarinyar ta zo ta durƙusa a gabana ta ce ta fasa auren. 'Yar ƙanina, da aka haifa a hannuna. Ta ce in ban zo na gani da idona ba, ba za ta tashi ba." Ta juyo inda nake. "Kada ki ɗauka na zo ba ki haƙuri. Ban sauya magana ba, kuma ina da abin da zan gaya miki wanda ba zai yi miki daɗi ba."

"To, Hajiya."

"Rufe ƙofar."

Na rufe. Na tsaya a jikin bango inda haske bai kai ba.

Ta ƙanƙance ido tana neman fuskata.

"Shekara biyu ina faɗa da ke, ban san kamanninki ba," ta ce. "Matso kusa da fitilar in gan ki."